Manomin da Ya Sare Jojobarsa

Ɗan'uwa, kafin ka yanke hukunci a kan abin da ya ƙi ba ka amfani bana, bari in ba ka misalin wani manomi na can arewa, bakin hamada. Ruwan sama ya ja baya a wajensu, gero kan fid da kai ya bushe a tsaye. Sai wani surukinsa da ya yi aikin gona a ƙasar waje ya kawo masa irin jojoba, wata gajeruwar bishiya mai kaurin ganye wadda ake matsar mai daga 'ya'yanta, kuma ba ta tsoron fari. Manomin ya ware rabin gonar gadonsa ya shuka. Shekara huɗu yana jigilar ruwa a kan jaki, yana korar awaki, maƙwabta na yi masa dariya wai ya shuka abin da ba a tuwo da shi. A ta biyar ya samu 'ya'ya kwano shida, ya sa rai. Amma shekarar da ta biyo sanyi bai zauna ba, kwana kaɗan aka ja bargo zafi ya dawo. Bishiyoyin suka yi kore shar, babu fure. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, shiru. Ta gaba ma haka. Matarsa ta ce ko zai je gari ya tambayi malamin gona. Ya ce, "Me zai gaya mini a kan gonar da nake yini a cikinta?" Ya ɗauki gatari ya sare kashi biyu cikin uku, ya shuka wake a gurbin. Ragowar ma gajiya ce ta cece su.

Shekarar nan kuwa sanyi ya sauka a hankali, ya yi kusan wata biyu. Bishiyoyin da suka rage suka cika da fure, daga baya rassa suka sunkuya da 'ya'ya. Malamin gona ya zo wucewa a kan babur, ya tsaya, ya ji labari. Ya ce, "Baba, ai ita wannan sai ta sha sanyi na makonni furenta ke buɗewa. Shekarar da babu sanyi jira take yi." Manomin ya juya ya daɗe yana duban kututturan da ke jere a cikin waken. Buhu uku ya tara a gonar da za ta ba shi tara.

Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.