Tiyon Hitar Akori-kura

Tiyon hita ne ya tsage, ruwan lagireto yana ɗiga a bakin garejin Yahuza da ke Manfuha. Dama tuntuni wani ya cire hitar daga layi, ya lanƙwasa tsohon tiyon ya mayar da ruwan cikin inji. Haka ake yi a Riyad. Garin da rana ke gasa mutum wata takwas a shekara, ba a cika zaman makokin hita ba.

Jibrin, sabon direban akori-kurar, kwanansa uku da kama aiki. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ce lallai harawar raƙuma ta isa sansaninsu na cikin sahara kafin magariba, kuma ya faɗe ta da muryar da ba ta maimaita magana. Don haka Jibrin ya roƙi a yanke inda ya tsage a sake ɗaurewa, aikin minti goma.

Yahuza, bakanike mai furfura, ya daɗe yana kallon lambar motar. Sannan ya ce sabon tiyo zai sa, kuma zai mayar da hitar.

Jibrin ya yi magiya, ya yi rantsuwa, ya nuna masa kiran kafil huɗu a waya. Yahuza ya ce watan Disamba ake ciki, ya tafi neman tiyo da ƙafarsa.

Jibrin ya zauna a cikin motar yana ƙirga mintoci. Tsohon direban, wanda kafil ya ce kawai ya bar aiki, bai san darajar mota ba: ga wata ƙuna zagayayya a ledar ƙasa, wajen ƙafar fasinja.

La'asar ta wuce kafin a gama. Yahuza ya ɗaure bakin tiyon, ya kwance, ya sake ɗaurewa, kamar mai gyaran jirgin sama. Da aka zo gwaji bai shiga motar ba. Daga waje ya miƙa hannu ta taga, ya sa Jibrin ya murɗa makunnin hitar, ya bar tafinsa a cikin iskar mai ɗumi fiye da yadda gwaji ke bukata.

Magariba dai ta kuɓuce, wataƙila har da aikin. Jibrin ya rasa wanda zai huce a kansa.

"Baba, wai wane jahili ne ma ya yi wancan ɗaurin tun farko?"

Yahuza ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Ni ne, bara war haka. Shi ma tsohon direban sauri yake yi, kafil na kiransa." Ya rufe bonet a hankali. "Ƙanena ne, Ghazali. Da sanyin sahara ya ishe shi, sai ya hura gawayi a cikin motar nan, ya rufe gilasai, ya kwanta, bai farka ba."