Ƙuri'a Ta Biyar

"Biyar sun amince, huɗu sun ƙi." Russ Brandt, shugaban majalisar, ya sake ƙirga takardun a kan tebur, ya maimaita sakamakon.

Marlys Kessler ta ajiye kofin gahawarta. Ƙungiyoyin ganga da begila tara ne a majalisar, kowace da ƙuri'a ɗaya. Manyan huɗu ne suka kawo shawarar a halatta lasifika da fiyanon lantarki a filin gasa. Ƙananan biyar kuwa da safiyar nan suka haɗu a bakin coci, cikin dusar ƙanƙara, suka yi alkawarin kayar da shawarar. Ke nan ɗaya daga cikinsu ya juya musu baya.

Ta dubi ƙeyar Orville Dahl, shugaban ƙaramar ƙungiyarsu kuma mai kaɗa mata ƙuri'a, wanda take wa mataimakiya shekara goma sha ɗaya. Shekara talatin dattijon yana faɗin cewa duk sautin da bai fito daga huhun yaro ko damtsensa ba, ba kiɗa ba ne. Shi ya nemi a yi ƙuri'ar yau a asirce, don kada manya su razana ƙanana. Ga shi yanzu zaune da hula a cinya, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Dama bara bai ji da daɗi ba. Jikarsa Corinne, wadda ta fi kowa iya begila a ƙungiyar, ta yi hatsarin mota muƙamuƙinta ya farfashe, likita ya ce ita da busa har abada. Ga kuma wannan.

Da aka tashi cin abincin rana, Marlys ta bi shugabannin sauran ƙananan ƙungiyoyi huɗun da ido ɗaya bayan ɗaya. Uku sun haɗa kai suna ƙunƙuni, fuska a murtuke. Na huɗun, Lyle Novak, yana can kusa da tukunyar miyar wake, Russ ya dafa kafaɗarsa suna dariya.

Ta jira har ya zauna, ta ja kujera kusa da shi.

"Ɗan'uwa, na ga kun shirya da Russ."

"Gaisawa muka yi. An hana gaisuwa ne?"

"Ƙanin nan naka, har yanzu yana sayar da kayan sauti a Madison?"

Lyle ya ajiye cokali. "Marlys, tare muka riƙe tuta ni da ke muna 'yan shekara sha huɗu. Abin da za ki tambaye ni ke nan?"

Bai ce shi ne ba, amma ta lura bai ce ba shi ba ne.

Akwai abin da ta sani game da Lyle. Dokar majalisa ta ce duk ƙungiyar da ba ta fito da yara talatin a gasar ƙarshe ba, ta rasa ƙuri'arta shekara biyu, a kuma mayar da ita ƙaramin aji. Yaran Lyle ashirin da bakwai ne. Ita da kanta ta ara masa uku, aka sanya musu rigunansa suka cike layi.

Ta sami Orville a bakin taga, abincinsa ya huce bai taɓa ba. Ta raɗa masa shirinta.

"Ki bar shi, 'yata," in ji shi. "An riga an kaɗa."

"Baba, in aka cire Lyle dole a sake. Huɗu da huɗu, kunnen doki, shawara ta faɗi."

Ya kau da kai. Ta ɗauka kunya ce irin ta tsofaffi, waɗanda ba sa son tona asirin kowa ko da an cuce su.

Ana komawa zama ta miƙe. Ta faɗi sunayen yaran uku da ranar gasar, ba ta ɓoye hannunta a ciki ba. Russ ya tambayi Lyle ko gaskiya ne, ya ce gaskiya ne. Aka buɗe kundin dokoki, aka karanta sashen, aka soke sunan ƙungiyarsa.

Lyle ya ɗauki rigar sanyinsa. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Yaran nan ashirin da bakwai, ke za ki zo ki yi musu bayani ranar Asabar." Ya fita.

Aka raba takardu takwas. Marlys ta kafa wa sauran ido har kowa ya ninke tasa. Russ ya warware su ɗaya ɗaya.

"Biyar sun amince, uku sun ƙi."

Marlys ta waiwaya. Ta cikin taga tana hango Lyle yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa, shi kaɗai.

Ita ke tuƙi a hanyar komawa gida. Sun wuce gonaki farare fat har na tsawon rabin sa'a. Tana ta juya sunaye uku a ranta, kowanne tana nemo masa dalili.

"Baba, cikin ukun nan wa kake zargi?"

Orville bai ɗauke ido daga taga ba.

"Babu ko ɗaya," in ji shi. "Tun watan Oktoba Corinne take koyon fiyano, kuma kakar gasa biyu kacal ta rage mata kafin shekarunta su wuce. Duka sau biyun, ni ne na biyar."