Hira a Bayan Labule

Da silifas ɗin gida Chizuru ta faɗo sashen gaggawa na asibiti tana haki. An ce mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgi.

A bayan labule ta jiyo muryar nas: "Baba Ogata, ruwan bai yi zafi ba ko? Yi haƙuri, zan ɗaga hannunka. 'Yarka na hanya."

Chizuru ta sauke ajiyar zuciya. Ashe da ransa.

Ta yaye labulen. Duk an kashe na'urori. Nas ta ajiye tawul, ta rusuna.

"Ya cika tun ɗazu."

"To da wa kike magana?"

"Da shi mana. Ba ma barinsu cikin shiru kafin nasu su iso. Zo ki karɓe ni, ke yake jira."