Bulalar Ƙarin Albashi

Tun da aka haramta yajin aiki, da bulala ake cinikin albashi. Ma'aikata su fitar da mutum ɗaya, inji ya yi ta tsula masa dorina, kowace bulala ƙari ne a albashin kowa. A hannun mutumin akwai madubi mai lura da fuska. Da zarar ya yamutsa ta, ciniki ya ƙare.

Bana ni na fita wa masaƙarmu. Inna Tabawa, wadda ta tsufa a kan injin zare, tana shafa mini man shanu a baya tana mita.

"Ke Hajjo, da digirinki? Ki bar wa maza mana."

"Inna, bara namiji muka tura. Bulalar fari ya kira uwarsa."

Da aka fara, bulalar farko ta tsaga rigata, ta biyu ta tsaga fata. Can jini ya fara gangarowa cikin takalmina, mata suna ta guɗa kamar ana kai amarya. Madubin ya ce da muryar yarinya mai ladabi, "Sannu da ƙoƙari. A ci gaba?"

Manaja Ɗanliti ya matso, ya rage murya. "Ƙanwata, ɗan ɓata fuska kawai. Gobe ki wayi gari da ofishinki."

Na dubi Inna Tabawa, wadda jikokinta ke kwana da kunu ba sukari. Na haɗiye jinin bakina, na gyara murmushi.

"Ranka ya daɗe, ja baya, kada jinina ya ɓata maka shadda."

Na ɗaga madubin. "Ƙara."