Zanen Alli

"Kwanta nan, Yallaɓai," in ji darakta, yana nuna daɓe da ƙafa.

Tsohon ya tsaya riƙe da malafarsa. A da, duk Hollywood babu wanda bai san shi ba. A fina-finai, shi ne jami'in binciken da kan shigo ɗaki cikin doguwar rigar ruwa, ya tsallake gawa ko kallonta bai yi ba, ya nuna mai kisan da bakin lofensa. Da fim mai launi ya shigo, aka daina nemansa. Jiya da aka buga masa waya, wuni ya yi yana goge rigar.

"Ni ne gawar?"

"Da me ka zata? Ga mai binciken can, ka yi jika da shi."

Tsohon ya kwanta. Ya roƙi a bar shi ya kifa fuskarsa, kada 'yan kallo su gane shi. Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wa zai gane ka?"

Wata ma'aikaciya ta durƙusa, ta zagaye jikinsa da farin alli, kamar yadda 'yan sanda kan zana inda gawa ta faɗi. Aka kunna fitilu. Ya riƙe numfashi iya ƙarfinsa, amma ƙirjin da ya sha hayaƙin taba a fim bayan fim ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Gawa tana tari! Ku ɗaga min shi."

Aka ɗaga shi, aka jingine a bango. Darakta ya leƙa kyamara, ya daɗe yana kallon zanen allin da babu kowa a ciki.

"Kai! Wannan ya fi shi iya wasa. Mu ɗauka haka."