Fasfo Uku a Iyakar Jibiya

Ya'u na bakin aiki a tagar duba takardu ta iyakar Jibiya aka miƙo masa fasfo uku. Da ya buɗe na biyu sai ga hoton Muhsina, wadda ya shekara biyu yana nema kafin ta ba shi haƙuri.

Ya ɗago kai. Tana tsaye bayan gwaggonta, gefen wani dogon saurayi mai farar shadda.

"Ina za ku?"

Saurayin ya yi murmushi. "Maraɗi, yallaɓai. Hutun damina za mu yi wajen dangi, mu kuma duba zauren bikinmu."

"Duk Katsina an rasa zaure?"

Muhsina ta matso, ta sassauta murya. "Ni na zaɓi nesa, Yaya Ya'u. Ba na son kiɗan ya iso unguwarku."

Hatimin ya tsaya a hannunsa. Yana iya tsare su da tambayoyi har la'asar, kuma ransa ya so hakan. Sai ya buga, ɗaya bayan ɗaya, ya tura musu.

"Allah ya sanya alheri."

Motarsu ta wuce shinge. Sau uku na gaba a layi ya yi sallama kafin Ya'u ya ji.