Wardin Bakin Shinge

Ruwa ya kwana yana zuba, don haka da gari ya waye Osanai ya fito ya fara tsinke ganyen da baƙin tabo ya kama. Haka furen wardi yake a Aomori, can arewacin Japan. Ruwa ya jiƙa shi, sanyi ya hana shi bushewa, sai ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya zube. Nasa irin mai fidda fure gungu-gungu ne, ja mai duhu. Yana yi da shigowar zafi, ya sake yi da kaka in an kula da shi.

Tateyama, ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo shi kowace safiya, ta kama hannunsa ta juya. Jini ya bushe a bayan babban yatsansa.

"Tsoho, yau ma ƙaya ta riga ka karya kumallo," in ji ta.

Ya ce bai lura ba. Ta wanke wurin, ta manna magani, ta gyara tsumman da ya naɗa a mariƙin almakashinsa, ta wuce gida na gaba.

Kaka ta yi nisa, amma mutumin da ke zuwa duk shekara a irin wannan lokaci bai zo ba. Osanai bai yi wa kowa zancen ba. Ya ci gaba da aikinsa, ya bar gungu mafi kyau bai yanka ba.

Wajen hantsi tasi ta tsaya a bakin shinge. Wata mata ta fito da baƙaƙen kaya, riƙe da reshen wardi a leda. Ta tsaya a waje, daidai inda ciyawa ta kwanta, ta sunkuya ta gaishe shi. Ta ce sunanta Kanae, daga wani ƙauyen masunta a bakin teku. Mahaifinta, Tomeji, ya rasu a watan jiya. Direban da ke ɗaukarsa daga tashar jirgi ne ya ce a nan yake sauke shi kowace shekara.

Osanai ya ji maganar ta shiga kunnensa. Ya jira ta isa wani wuri a jikinsa, ba ta isa ba. Ya miƙa hannu ta saman shinge ya karɓi reshen.

Irin nasa ne. Ganyen ya yi rawaya, tabo ya ci rabinsa.

Kanae ta ce wardin yana nan a bayan gidansu tun kafin a haife ta. Mahaifinta ya ce wani aboki ne ya ba shi, bai taɓa ƙara ko kalma a kai ba. Da ya kwanta ciwo babu wanda ya san yadda ake yi da shi, ga shi bana ya yi fure sau ɗaya ya tsaya.

Osanai ya nuna mata a kan nasa. Gungu in ya yi yaushi, a yanke shi sama da ganyen farko mai ƙananan ganye biyar, kada a bari ya ƙulla iri. A rage rassan tsakiya iska ta ratsa. Ruwa a gindi ake zubawa. Ganyen da ya kamu a tsinke, wanda ya faɗi ƙasa a kwashe a ƙone.

"Har mai ɗan tabo kaɗan, Baba?"

"Har shi. In kin bar shi zai shafa wa sauran."

Ta gyaɗa kai. Idonta ya sauka kan yatsunsa, ta yi sauri ta mayar da shi kan furen.

Ya tambaye ta ko marigayin ya sha wahala. Ta ce bai daɗe ba. A kwanakin ƙarshe ma ba ya zancen komai sai na wardin. Ya sa ta yi masa alkawari cewa duk kaka za ta yanki furen ta kai wa yayansa, Shigeharu, wanda teku ta cinye yana yaro. Ba a ga gawarsa ba, amma sunansa na jikin dutsen kabarin gidansu. Ta ce ita a iya saninta mahaifinta bai taɓa ajiye fure a kan dutsen nan ba, sai ga shi da wannan wasiyya. Magagin ciwo ne wataƙila. Amma alkawari ta riga ta ɗauka, kuma na gidansu babu ko toho.

Osanai ya juya ya yanke gungun da ya bari, ya ƙara da wasu, ya naɗe su a tsohuwar jarida. Ta ciro kuɗi, ya girgiza kai. Ta ba shi tuffa guda biyu daga jakarta, ya karɓa da tafukansa duka biyu.

"In na sake rikicewa zan iya dawowa, Baba?"

"Ki zo da kaka. Ki shigo ta ƙofa, an daina hanawa tuntuni."

Tasi ta juya ta tafi. Ya ajiye tuffar a kan dakali, ya durƙusa ya ci gaba da kwashe ganyen da ya zuba, yayyafi na sauka a bayansa.

Shekarunsa goma sha uku ranar da motar jami'an lafiya ta ɗauke shi daga ƙauyen saboda kuturta, iyayensa suka ce teku ce ta cinye shi don ƙannensa su sami masu aurensu. A nan gidan jinyar kutare, cikin wannan shingen, aka raɗa masa sabon suna, Osanai. Tomeji kansa Yaya kawai yake ce masa ta saman shinge, don haka tun daga ranar babu wanda ya ƙara furta Shigeharu a gabansa sai yau.